Ɗa namiji ya girma: a aika masa kwano ko a miƙa masa ludayi?

Uwar Maza:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu yi ta tsakani da Allah. Idan ɗa namiji ya girma, ya tara gemu, wani ma har ya ajiye iyali, me ya rage a wuyan uwa game da cikinsa? Ta ci gaba da aika masa kwano, ko ta koya masa girki ta ja hannunta?

Ga abin da ya tayar mini da zancen. Ina Chennai, kudancin Indiya, na rako Yayata aikin gwiwa. Mun kama ɗaki a saman gidan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Tamil. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu ne duk maza, babban yana aiki a Dubai, ƙaramin yana Bengaluru. Ba ta cin nama, ba ta cin kifi, ko ƙwai ba ya shiga gidanta, kuma tun ranar farko ta roƙe mu kada mu dafa nama a gidan. Muka yarda, gidanta ne. Dalilin da ya sa na fara leƙa kicin ɗinta ke nan, don in ga yadda ake ƙoshi babu nama.

Kullum da dare sai ta kira yaran nan. Tambayarta ta farko: ka ci abinci? Ta biyu: me ka dafa? Wannan ta biyun ce ta tsaya mini a rai. Ba ta tambayar wa ya dafa masa, domin ta san shi ne. Ta ce mini kafin kowannensu ya bar gida sai da ta tsayar da shi gaban murhu har ya iya shinkafa, ya iya miyarsu ta sambar, ya iya abin da suke kira poriyal, wato kayan lambu da ake ɗan soyawa a turara, a barbaɗa kwakwa. Ta ce da poriyal na fis ta fara musu, saboda ko minti 15 ba ya kaiwa.

Ni maza uku Allah ya ba ni. Babban yana Kaduna da iyalinsa, na tsakiya yana aiki a Abuja bai yi aure ba, auta yana bautar ƙasa. Na tsakiyan, rayuwarsa gaba ɗaya wajen mai shayi take, indomi da ƙwai safe da dare, ga gyambon ciki ya fara taɓa shi. A gidanmu namiji ba ya shiga kicin, haka muka taso muka tarar. Yanzu ina ganin idan na koma sai na zaunar da su biyun da ba su yi aure ba. Me kuka gani?

Hajiya Ladidi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙanwata, ni dai ban ga abin sha'awa a nan ba. Tsohuwa ita kaɗai a gida, 'ya'ya sun watse uwa duniya, kowa yana dafa wa kansa, sai waya da dare. Wannan shi za mu koya? Maganin yaronki na Abuja ba tukunya ba ce, aure ne. Ki dawo ki nema masa yarinyar kirki, shi ke nan gyambon ciki ya kau.

Maman Ilham:
Allah ya ƙara sauƙi Mama. Hajiya, da girmanki, amma yarinyar kirkin nan ita ma mutum ce. Ranar da ta haihu fa? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita? Lokacin da aka yi mini aiki a haihuwata ta biyu, maigidan ko ruwan zafi bai san yadda ake haɗa wa babbar yarinyar koko da shi ba. Sai da aka ɗauko ƙanwata daga makaranta. Ba mugunta ba ce, yana so ya taimaka, bai iya ba ne.

Anti Zulai:
Ku dakata da rigimar tukuna. Uwar Maza, mu masu sana'ar girki yadda ake abin muke son ji. Fis dai irin wanda muke zubawa a soyayyiyar shinkafa? Shi kaɗai?

Uwar Maza:
Shi fa, Anti Zulai. Ga yadda na ga tana yi, kuma na yi da hannuna a gabanta.

Za ki ɓare ɗanyen fis kamar kofi 2. Ki ɗora kasko, ki zuba man riɗi cokali 1 babba. Mutanen Tamil Nadu da man riɗi suka fi yin irin wannan, maƙwabtansu na Kerala kuma man kwakwa. Idan man ya yi zafi sai ki zuba ƙwayar mastad rabin ƙaramin cokali, baƙaƙen ƙananan nan. Nan ne gaba ɗaya sirrin yake. Ki tsaya, kada ki yi gaggawa, sai kin ji sun fara fashewa suna tsalle a kaskon. Idan ba su fashe ba ɗaci za su yi a baki, idan sun fashe ƙamshinsu ya shiga man. Daga nan sai ƙaramin cokali 1 na wani farin wake ƙanana da aka ɓare aka raba biyu, suna ce masa urad. Ba dafa shi ake yi ba, soya shi ake a man har ya yi ja-ja, shi ne zai riƙa yi miki ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin haƙori. Ki sa ido, tsakanin ja da ƙonewa ƙiftawar ido ce. Sai busasshen barkono 2 ki karya, ganyen kori kamar 10, da ɗan mitsitsin wani ƙaro mai ƙarfin wari da suke kira hing. Ganyen zai yi ƙara idan ya taɓa mai, ki ja baya kaɗan.

Sai albasa ƙarama 1 yankakkiya, ta yi laushi kawai ba sai ta soyu ba. Ita ma dattijuwar wani lokaci ba ta sa albasar. Ki zuba fis, gishiri, kurkur a bakin cokali, ki yayyafa ruwa kamar cokali 3 ko 4, ki rufe, ki rage wuta. Minti 5 zuwa 7 ya yi laushi amma bai rasa korensa ba. Ki buɗe ruwan ya tsane ƙaf. A ƙarshe ki zuba gurzajjiyar ɗanyar kwakwa cokali 3, ki juya sau ɗaya, ki sauke. Kwakwar ba a so ta soyu, ɗumin fis ɗin ya ishe ta.

Ba miya ba ce. Ku ɗauke shi kamar kwaɗon zogale mai ɗumi wanda kwakwa ta tsaya a gurbin ƙuli-ƙuli. A gefen farar shinkafa ake zuba shi, tare da sambar ko rasam, wani romo ne mai tsamiya da masoro, a rufe da shinkafa da kindirmo.

Anti Zulai:
Babu magi? Babu attarugu? Babu tattasai?

Uwar Maza:
Ko ɗaya. Ni ma da farko hannuna ya riƙa neman dunƙule. Amma ki gwada shi yadda yake tukuna. Fis yana da zaƙinsa, kwakwa tana da nata, man da mastad da ganye suka ƙamsasa shi ne ɗanɗanon. Magi zai danne su duka.

Ummu Hanif:
Sannu da jinya Mama. Ni ina Bengaluru, maigidan yana karatun digiri na uku. A nan jihar Karnataka palya suke ce wa irin wannan girkin, a Kerala kuma thoran, can sun fi cika kwakwa, har da albasa ƙanana da ɗanyen barkono suke dandaƙawa a ciki. Da kabeji ake yi, da karas, da koren wake, har da ganyen zogale, domin zogale a kudancin Indiya abincin yau da kullum ne, 'ya'yansa dogayen nan ma a cikin sambar suke sa su.

Anti Zulai, abu ɗaya zan ja hankalinki. Ganyen korin da ake sayarwa a kasuwanninmu na gida yawanci ba shi ne na Indiya ba. Namu ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, ganyensa laushi gare shi. Nasu ganyen bishiya ne, mai sheƙi da ɗan tauri, yana jure zafin mai. Garin kori na gwangwani kuma wani abu ne daban, kada ki zuba shi a madadinsa, gara ki bar gurbin haka nan. Mastad da urad da hing sai kantunan Indiyawa, a Legas unguwar Ilupeju ce matattararsu. Idan babu hing, tafarnuwa ƙwara ɗaya ta wadatar. Idan babu urad, ki ɗan farfasa gyaɗa ki soya. Man riɗi kuwa ai mu ne gidansa. Fis kuma na Jos yana zuwa 'Yankaba.

Game da ainihin maganar, kada mu ɗauka duk Indiya haka take. Uwayen Indiya wajen shagwaɓa ɗa namiji ba su da na biyu. Akwai maƙwabciyata da ɗanta ya haura shekara 30, har yau ita take haɗa masa abincin rana a jeren kwanonin ƙarfen nan ya tafi ofis, matarsa tana kallo. Dattijuwar da Mama ta samu, ita ce ta zaɓi wata hanya.

Malama Rabi:
Ina so in gyara wani abu kafin a yi nisa, domin na san za a ce addini. A cikin Sahihul Bukhari an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida. Ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Saboda haka hana namiji taɓa aikin gida al'adarmu ce, kada a jingina wa addini.

Al'adar ma idan aka duba ba ta hana namiji girki ba. Mai tsire namiji ne, mai shayi namiji ne, mai balangu da kilishi maza ne. Fatake da suke wata da watanni a hanyar Gwanja, wa yake tuƙa musu? Almajiri yana dafa wa kansa, direban babbar mota yana da risho a ƙarƙashin kujera. Abin da muka hana shi ne ɗan gida ya dafa a gidan uwarsa, a gaban ƙannensa mata. Sai ya fita duniya ya tarar babu ƙannen.

Hajiya Ladidi:
Malama na ji hadisi, kuma ban musa ba. Amma ku yaran zamani akwai abin da ba ku gane ba. Ni ɗan farina ban taɓa kiran sunansa ba, yau shekararsa 46. Ban taɓa zama na yi hira da shi kamar yadda kuke yi da naku ba. Kakarsa ce ta raine shi, ni ko kallonsa ba na yi a gaban mutane, kunya ce, haka aka yi mana tarbiyya. To da me zan nuna masa yana raina? Da tuwon dawa miyar kuka da man shanu, duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Idan ya zauna a zaure ya buɗe kwanon nan, ya san uwarsa ta ce masa abin da bakinta ba zai iya faɗa ba. Yanzu ku ce in miƙa masa muciya in ce je ka tuƙa da kanka? Idan kun karɓe kwanon, me kuka bar mini?

Inna Hadiza Damagaram:
Hajiya kin sa ni hawaye. Wallahi gaskiya ne. Nawa yana Agadas yana aikin gini. Duk motar da na samu mai zuwa sai na aika masa da yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Amma Hajiya, kukar nan da nake aikawa shi yake kaɗa ta da hannunsa, domin can babu mai kaɗa masa. Tun yana ɗan shekara 12 nake sa shi ya tsaya kusa da ni, saboda ni Allah bai ba ni mace ba. Idan ya kira ya ce Inna miyar ta tsinke, in ce ka rage ruwa, ka bari daddawar ta dahu kafin kuka. Hirarmu ke nan. Da bai iya ba, da me za mu yi magana a kai? Gaisuwa kawai, sai a kashe waya.

Uwar Maza:
Inna Hadiza, abin da na gani a gidan nan ke nan, kin faɗe shi fiye da yadda zan iya. Hajiya, ni ma babban nawa ba na kiran sunansa, na san abin da kike nufi, kuma ba na ce a daina tuwon Juma'a ba. Amma ki ga dattijuwar nan. Rannan ina zaune na Dubai ya kira ta da bidiyo, ya juya wayar yana nuna mata kasko, wai fis ɗinsa ya yi tauri. Ta tambaye shi na firji ne ko ɗanye. Ya ce busasshe ya saya. Ta yi ta yi masa faɗa da yarensu, hannu yana tashi, shi kuma yana dariya, mutum mai 'ya'ya biyu. Busasshen sai an jiƙa shi ya kwana, a dafa shi daban, sannan a soya. Suka fi minti 20 a kan fis. Da ta ajiye wayar fuskarta kamar an yi mata albishir. (Iyalinsa suna Chennai ɗin nan wajen iyayen matar, shi kaɗai yake can.) Girkin da ta koya masa bai raba ta da shi ba, kullum yana da abin da zai dawo ya tambaye ta.

Ni kuma idan na kira na Abuja, tsakaninmu awa huɗu da rabi ne, sai in jira dare ya raba a nan kafin ya tashi aiki. Na ce ka ci abinci, ya ce e. Na san indomi ne, ya san na sani, sai mu yi shiru.

Ummu Hanif:
Busasshen da ya saya ma akwai abin da ake yi da shi, sundal. Bayan an jiƙa an dafa, sai a yi masa wannan suyar ta mastad da ganyen kori, a sa kwakwa da yankakken ɗanyen mangwaro. Mama, kafin ku taho ki sa a kai ki bakin tekun Marina da yamma, za ki ga yara suna yawo da shi suna ƙunsawa a takarda. Lokacin bikinsu na Navaratri, kwana tara da suke yi wajen Satumba ko Oktoba, kusan kowane gida sai an yi, kullum da irin waken da za a dafa. Yanzu kuma idan sanyi ya shigo ɗanyen fis yake araha, na tsaunukan Ooty ya fi zaƙi, a kasuwar Koyambedu ake sauke shi.

Maman Ilham:
Iyaye, ku yi haƙuri zan taɓo inda yake mana ciwo mu matan 'ya'yanku. Kwanon Juma'a ba shi da laifi, mu ma muna ci muna sa albarka. Inda matsala take shi ne kwanon kullum. Mace ta wuni a kicin, miji ya biya gidansu ya cika cikinsa, ya dawo ya ce a ƙoshe yake. Gobe haka, jibi haka. Ko a aiko yaro da kula da magariba, a ce Hajiya ta ce a ba shi wannan, ta san ba ya son miyar da ake masa. Wallahi akwai auren da irin wannan ya kashe, ba faɗa, ba zagi, kwano kawai. Uwa tana ganin ƙauna take nunawa, matar kuma saƙon da yake isa gare ta shi ne ba ki iya riƙe mini ɗa ba.

Hajiya Ladidi:
'Yata, wadda ta yi haka ba ta kyauta ba. Ni kwanona idan zai shiga gidan ɗana, hannun matarsa yake fara zuwa, kuma da nata rabon da na jikoki. Ranar Juma'a ma ita da kanta ta san ba ta ɗora tukunyar rana. Amma ku ma ku riƙa yi mana uzuri. Mace ta yi shekara 30 tana auna tsaba da mutum a lissafinta, rana ɗaya a ce ta cire shi. Hannu ba ya saurin mantawa.

Malama Rabi:
Shi ya sa nake ganin maganar ta rabu biyu, kuma Uwar Maza tun farko ta raba ta. Mai iyali, a bar wa matarsa ragamar cikinsa, uwa ta shigo ta ƙofar matar kamar yadda Hajiya take yi. Gwauro kuwa da ɗalibi da ɗan bautar ƙasa, babu wata mata da za a ce ana shiga hakkinta. Yunwa ce kawai da gyambon ciki. Kuma ina roƙon mu daina cewa ƙanwa ta tashi ta zuba wa yayanta abinci alhali tana karatun jarrabawa shi yana kallon ƙwallo. Daga nan abin yake farawa.

Anti Zulai:
Ni na riga na aika a sayo mini fis. Amma ga tambayar sana'a. Idan yaron zai dafa da safe ya ci da dare, ga zafin Abuja ga wuta ba tabbas, kwakwar nan ba za ta yi tsami ba?

Uwar Maza:
Za ta yi. Chennai ma zafi ne da gumi, shi ya sa dattijuwar ba ta kwana da shi, na rana daban na dare daban. Abin da ta koya wa na Dubai shi ne ya gurza kwakwa guda, ya ƙulla ta kaɗan-kaɗan a leda ya sa a firiza. Wanda ba shi da tabbacin wuta, ya dafa fis ɗin babu kwakwa, sai zai ci ya ɗumama ya barbaɗa a iya wanda ya ɗiba. Busasshiyar kwakwa ta leda ma tana yi idan aka yayyafa mata ruwan ɗumi ta ɗan kumbura, amma a duba kada a ɗauko mai sukari ta kek.

Hajiya, ina neman shawararki a matsayinki na babba. Yaron nan na Abuja shekararsa 29. Ta yaya zan ce masa shigo kicin ba tare da ya ji na ƙasƙantar da shi a gaban ƙannen babansa da suke gidan ba?

Hajiya Ladidi:
Har yanzu ina nan a kan bakana, ki nema masa mata. Amma tunda kin tambaya, kada ki yi shi a gidan taro. Ki shirya ki je masa Abuja kamar kin zo duba shi, ki tafi da kayan haɗinki. A ɗakinsa, a kan rishonsa, ba mai gani. Kada ki ce za ki koya masa, namiji ba ya son jin haka daga bakin uwarsa. Ki ce idonki ba ya gani sosai, ya zo ya duba miki ko abin nan ya fara fashewa. Ki miƙa masa cokalin ki ce riƙe mini in ɗauko gishiri, sannan ki daɗe ba ki samo gishirin ba.

Inna Hadiza Damagaram:
Kuma ki bar masa kaskon da sauran man riɗin a can idan za ki taho. Ki rubuta masa awon a takarda da hannunki, ba a waya ba, waya tana ɓacewa.

Uwar Maza:
Na gode iyaye. Likita ya ce sai Yaya ta fara taka bene kafin a ba mu izinin hawa jirgi. Ummu Hanif, busasshen ganyen kori yana riƙe ƙamshinsa, ko in nemi ɗan dashe?

Ummu Hanif:
Busasshen yana rage ƙamshi sosai Mama, sai kin ninka yawansa. Dashe kuma da ƙasa a jikinsa za a iya tsayar da ke a filin jirgi, kada ki wahalar da kanki. Ki sayi ɗanyen ganye ana gobe za ku tashi, ki wanke, ki shanya a inuwa ya tsane, ki soya shi sama-sama a man riɗi har ya yi ƙaras, ki zuba shi da man a kwalba mai murfi, ki naɗe ta da kyau a cikin babbar jaka. Mastad da urad kuwa rabin kilo-rabin kilo zai kai ki watanni, ba sa lalacewa in dai ba su ga danshi ba.